Darasi na 14: Rumbun Kitse a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Ku karanta wannan bayani a tsanake, sau ɗaya a zuci, sau ɗaya kuma a bayyane, kafin ku amsa tambayoyin da ke biye da shi.

Idan kuka ɗauki taswirar duniya, kuka ɗora yatsa a kan Nijeriya, sa'an nan kuka yi ta bin arewa, kuka ƙetare hamadar Sahara da Bahar Rum, kuka wuce ƙasashen Turai, daga ƙarshe yatsanku zai faɗa cikin wani teku da ke can ƙuryar arewacin duniya. Sunansa Tekun Aktik. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikin manyan tekunan duniya, kuma ƙasashen Rasha da Norwe da Kanada, da jihar Alaska ta Amurka, da tsibirin Girinlan ne suka kewaye shi. Da hunturu ruwan samansa yakan daskare, ƙanƙara ta rufe mafi yawansa fari fat.

Ba sanyi ne kaɗai abin mamaki a wannan yanki ba. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya mun saba da rana mai cika alkawari. Ko a Legas kuke, ko Inugu, ko Fatakwal, ko Kano, rana takan fito da safe ta faɗi da yamma, kuma bambancin tsawon yini tsakanin wata da wata bai kai awa biyu ba. A can kuwa, saboda duniya a ɗan karkace take yayin da take kewaya rana, al'amarin ya sha bamban. A garin Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, rana takan faɗi a ƙarshen watan Oktoba, ba ta sake hudowa sai tsakiyar Fabrairu. Daga wajen 20 ga Afrilu kuma har bayan 20 ga Agusta ba ta faɗuwa sam, ko da tsakar dare tana nan a sama.

Ku tuna abin da kuka koya a darasin kimiyya: tsiro ba ya haɗa abincinsa sai da hasken rana. Tsirran teku ba itatuwa ba ne, ba ciyawa ba ce. Wata irin gansakuka ce mitsi-mitsi da ke yawo a ruwa, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta ɗaya sai da madubin ƙara girman abu. A watannin duhu wannan gansakuka ba ta yaɗuwa, teku yakan zama kamar gona da rani. Idan haske ya dawo, ƙanƙara ta fara narkewa, sai ta tsiro gaba ɗaya, ruwa ya yi kore shar. Amma wannan yalwa ba ta daɗewa. A wasu wuraren 'yan makonni ne, a wasu wata biyu ko uku, daga nan sai gishirin da ke ciyar da ita a saman ruwa ya ƙare, haske kuma ya soma ja baya.

To, dabbar da ba ta da wani abinci sai wannan gansakuka, yaya za ta yi da sauran watannin shekara? Tsuntsu yana iya tashi ya yi kudu. Babban kifi yana iya ƙaura. Amma akwai wani ɗan ƙwaron ruwa da ba shi da ƙarfin yin ko ɗaya, shi ne kuma batun darasinmu.

Mai ƙafar filafili

Masana suna kiransa Kalanus. Mun ce masa ƙwaro ne saboda ƙanƙantarsa, amma ba dangin fara ko ƙuda ba ne. 'Yan'uwansa su ne ƙaguwa da jatan lande, wato halittun ruwa masu ɓawo a bayan jiki. Sunan babban danginsa, kofefod, daga harshen Girkanci aka samo shi, ma'anarsa kuwa "mai ƙafar filafili", domin ƙafafunsa suna tura ruwa kamar yadda mai kwalekwale yake yi da filafili. Yana da ido ɗaya tak a goshi, da wasu dogayen gasu guda biyu da suka miƙe hagu da dama, waɗanda yake jin motsin ruwa da su. Jikinsa garau yake kamar gilashi, ana hango abin da ke ciki.

Iri uku ne suka fi shahara a tekunan arewa. Ƙaraminsu, Calanus finmarchicus, tsawonsa kimanin milimita 3 ne, kamar ƙwayar riɗi, kuma asalin mazauninsa arewacin Tekun Atlantika ne. Wani bishop na birnin Trondheim a Norwe, Johan Ernst Gunnerus, shi ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1770, ya raɗa masa suna daga yankin Finnmark na ƙasarsu. Na tsakiya, Calanus glacialis, yana zaune a gefe-gefen Tekun Aktik inda ruwa ba shi da zurfi sosai kuma ƙanƙara takan rufe shi a kowace shekara. Babbansu, Calanus hyperboreus, ya kai ƙwayar shinkafa, mazauninsa kuwa wurare masu zurfi ne irin Tekun Girinlan da tsakiyar Aktik. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ku. Yawansu ya kai inda idan suka taru a saman ruwa, teku yakan yi ja-ja, shi ya sa masuntan Norwe suke kiran ƙaramin da wani suna mai ma'anar "jan abinci".

Kalanus ba ya girma a hankali kamar ɗan akuya. Da yake ɓawonsa ba ya buɗewa, sai ya yi saɓa kamar maciji kafin ya ƙara girma. Daga ƙyanƙyashewa zuwa balaga yakan bi matakai goma sha biyu. A shida na farko ko kama da iyayensa ba ya yi. A shida na ƙarshe ne siffarsa take fitowa, a nan ne kuma yake soma aikin da ya sa muke karatu a kansa.

Yadda ake cika rumbu

Lokacin da gansakuka ta yi yawa, Kalanus ba ya da wata sana'a sai ci. Yakan kaɗa wasu ƙananan gaɓoɓi da ke kusa da bakinsa, su jawo ruwa, ya tsince ƙwayoyin gansakukar da ke ciki. Wadda ya fi samu ana kiranta dayatom, tana da ɓawo mai tauri na sinadarin da ake yin gilashi da shi. Wannan bai dame shi ba, gama haƙoransa ma an dalaye bakinsu da irin wannan sinadari, da su yake farfasa ɓawon.

Kaɗan daga abin da ya ci yake kashewa wajen girma da iyo. Sauran sai ya mayar da shi mai, ya zuba a cikin wata 'yar jaka doguwa da ke kwance a tsakiyar jikinsa. Da farko jakar kamar zare take. Kafin yalwa ta wuce ta kumbura ta cika fal, har takan mamaye fiye da rabin cikinsa. Idan aka busar da ƙwaron da ya ƙoshi aka auna, mai yakan kai kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, wani lokaci ma ya zarce. Da yake jikin garau ne, masu bincike ba sa bukatar fasa shi. Hotonsa kawai suke ɗauka, su auna faɗin jakar, su lissafa yawan man da ke ciki.

Me ya sa mai, ba sitaci ko sukari ba? Dalilin a fili yake. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da ƙarfi fiye da ninki biyu na giram ɗaya na sitaci. Wanda wurin ajiyarsa bai kai kan allura ba, dole ya zaɓi kaya marar nauyi mai tsada. Raƙumi ma haka ya yi, kitse ne a tozonsa, ba ruwa ba kamar yadda wasu suke zato.

Sai dai man Kalanus ba irin man gyaɗa ko kitsen saniya ba ne, kuma a nan ya kamata ku natsu. Ƙwayar man gyaɗa, in da za ku iya ganinta, sarƙa uku ce da aka ɗaure a gindi guda. Irin wannan man ne jikin ɗan Adam da na dabbobin gida suke tarawa. Ƙwayar man Kalanus kuwa dogayen sarƙoƙi biyu ne da aka haɗa baki da baki. Wannan shi ne tsarin kaki, wato dangin kakin zuma, ko da yake nasa ruwa-ruwa ne, ba daskararre ba. Wasu daga cikin sarƙoƙin shi yake ƙera su a jikinsa. Wasu kuma, irin waɗanda likitoci suke kira Omega-3, daga gansakuka yake ɗauko su yadda suke. Yakan riƙe ɗan man yau da kullum kaɗan, kamar kuɗin cefane, don bukatar kwana biyu. Kakin kuwa shi ne hatsin rumbu, ba a taɓa shi sai an shiga wuya.

Tafiya zuwa ƙasa

Da jaka ta cika, tun kafin duhu ya shigo, sai Kalanus ya bar saman ruwa ya nufi ƙasa. Wanda ke zaune a gefen teku yakan sauka kusa da ƙasan ruwa, zurfin 'yan ɗaruruwan mita. A Tekun Norwe ƙaramin yakan kai mita 600 zuwa sama da 1,000. Babban kuwa a Tekun Girinlan yakan wuce haka nesa. Ku yi lissafi da kanku: halitta mai tsawon milimita 3 da ta sauka mita 1,000 ta yi tafiyar da ta ninka tsawon jikinta sau fiye da 300,000. Da mutum ne, ya yi iyo na sama da kilomita 500 ke nan, kusan nisan Legas da Abuja a miƙe.

Wannan wahala tana da riba biyu. Kifaye da tsuntsayen da ke cin Kalanus yawancinsu da ido suke farauta, ƙwaron da ya cika da mai kuwa shi suka fi so. A can ƙasa duhu ne ƙirin dare da rana, ba mai ganinsa. Riba ta biyu ita ce sanyi. Ruwan da ke wannan zurfi sanyi ne ƙarara, kusa da digiri sifiri, kuma ba ya canzawa. Jikin irin waɗannan halittu yana bin sanyin ruwan da suke ciki, idan ruwa ya yi sanyi sai duk ayyukan jiki su lafa, abinci ya daɗe bai ƙare ba.

A nan ne yake shiga wani dogon barci. Ya daina ci ɗungum. Hanjinsa ya tsuke, tun da ba shi da aikin yi. Numfashinsa ya ragu ƙwarai, girma ya tsaya cak. Haka zai yi tsit wata biyar, shida, wani irin ma har takwas ko fiye. Wanda ya san gaiwa ba zai yi mamaki ba, ita ma idan fadama ta ƙafe takan shige cikin laka ta kwanta, tana rayuwa da abin da ke jikinta har ruwa ya sauka. Bambancin shi ne gaiwa zafi da fari take gudu, Kalanus kuwa duhu da yunwa.

Ɗalibi mai lura zai ɗaga hannu a nan. Kowa ya san idan aka zuba manja a ruwa sama yake tasowa. Yaya ƙwaron da rabinsa mai ne zai zauna a ƙasan teku wata da watanni ba tare da ya taso ba? In kuwa iyo zai riƙa yi don ya danne kansa, ai man zai ƙare kafin hunturu ya raba. Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana, amsarta kuma tana cikin halin kakin nan. A cikin teku, duk mita 10 da aka sauka, nauyin ruwan da ke danne jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa. A zurfin mita 1,000 matsin ya kai ninki ɗari. Ruwa ba ya matsuwa sai kaɗan, amma kaki yana matsuwa fiye da shi, sanyi kuma yana ƙara tsuke shi. Saboda haka duk sa'ad da ƙwaron ya ƙara nitsewa, jakarsa tana ƙanƙancewa, ƙarfin da take ɗaga shi da shi yana raguwa, har ya iso inda nauyin jikinsa gaba ɗaya ya yi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi. A nan ba ya nitsewa, ba ya tasowa, sai ya rataye a tsakiyar ruwa ba tare da ya motsa ƙafa ba. Ranar komawa sama kuma, da zarar ya ɗan yunƙura ya hau, matsi ya ragu, kakin ya buɗe, ya taimaka wajen ɗaga shi. Jaka ɗaya ce, amma ta yi aikin rumbu, ta yi na anga, ta kuma yi na goran masunci.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Kada ku ɗauka barcin ne yake cinye dukan man. Kaso mai yawa ana tanadinsa ne domin abin da zai biyo baya, wato saɓar ƙarshe ta balaga, da haɗa ƙwai, da doguwar tafiyar komawa sama. Duk waɗannan ana soma su ne cikin duhu, tun babu ko ƙwayar abinci a teku. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kowane ɗaya daga cikin irin nan uku da yadda yake kashe dukiyarsa. Macen ƙaramin ba ta da tanadi mai yawa, galibi sai ta hau sama ta sami abinci kafin ta yi ƙwai sosai, kuma a arewa shekara ɗaya ce tsawon rayuwar irinta. Macen babban ba ta jiran kowa. Tun cikin hunturu, tana can ƙasa, take zuba ƙwai da man jikinta kaɗai. Ƙwan ma da mai a cikinsu, don haka sukan taso sannu a hankali, su ƙyanƙyashe a hanya, 'ya'yan su rayu da guzurin da uwa ta sa musu har gansakuka ta tsiro. A wuraren da abinci ya yi ƙaranci ainun, wannan babban yakan yi shekara uku ko huɗu kafin ya balaga, kowace shekara ya hau ya ci, ya sauka ya kwanta.

Dabarar na tsakiya ce ta fi burge mai nazari. A inda yake zaune girbi biyu ake yi. Da haske ya fara ratsa ƙanƙara, tun ba ta narke ba, wata gansakuka takan tsiro a manne da ƙasanta, ta yi mata launin ƙasa-ƙasa. Wannan shi ne girbin farko. Uwaye sukan farka daidai lokacin, su hau su yi kiwo a ƙarƙashin ƙanƙara, su zuba ƙwai. Bayan kimanin wata biyu ƙanƙara ta farfashe, girbi na biyu ya zo a cikin ruwan kansa. A daidai wannan lokaci 'ya'yan sun kai matakin da suke cin abinci da gaske, suna kuma iya tara mai. Masu bincike sun bi wannan tsari wata bayan wata a wani lungun teku da ake kira Rijpfjorden a arewacin Svalbard. Ku riƙe wannan tazara ta wata biyu a zuciya, za mu komo kanta.

Masu cin gajiyar rumbun

Gansakuka 'yan makonni take yi ta wuce, amma man da Kalanus ya tara daga gare ta yana nan duk shekara. Shi ya sa kusan duk mai rai a Aktik yake dogara da shi, ko kai tsaye ko ta hannun wani. Ƙananan kifaye suna cinsa, dabbar ruwa da ake kira sil tana cin kifayen, farin beyar kuma yana farautar sil a kan ƙanƙara. Kitsen da ke kare beyar daga sanyi, in aka bi salsalarsa, wani kaso nasa daga 'yar jakar nan ya fito. Akwai kuma wata ƙatuwar dabbar teku daga dangin wel, mai suna bohed, wadda nauyinta yakan wuce tan 70, kuma takan rayu fiye da shekara 200. Ba ta da haƙori ko ɗaya. Baki take buɗewa tana iyo, ruwa ya wuce ta cikin wani abu mai kama da rariya, ƙwarin su maƙale ta haɗiye.

Ku ma kuna da rabo a ciki. Kun san busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Ibo suke kira okporoko, Yarbawa kuma panla? Yawancinsa daga Norwe ake kawo shi, Nijeriya kuwa tana cikin manyan masu sayensa a duniya. Kifin da aka fi yin sa da shi, mai suna kod, yakan taso daga Tekun Barents a kowane hunturu ya zo tsibiran Lofoten ya zuba ƙwai. A nan masunta suke kama shi, su rataye a kan katakai, iska mai sanyi ta busar da shi ba tare da gishiri ba. 'Ya'yan kod kuwa, idan suka ƙyanƙyashe, abincinsu na farko shi ne 'ya'yan Kalanus, waɗanda iyayensu suka taso daga zurfin Tekun Norwe a daidai wannan lokaci. Kifin ƙanƙara irin shawa da taitus da ake sayarwa a kasuwanninmu, su ma a tekunan arewa Kalanus yana cikin manyan abincinsu, maiƙon da kuke gani a jikinsu ba daga sama ya faɗo ba. Yanzu ma mutane sun fara kama ƙwaron kansa don tatsar mansa. A shekarar 2019 gwamnatin Norwe ta ba da izinin kama har tan 254,000 a shekara, ko da yake abin da ake kamawa bai ko kusanci haka ba.

Akwai wani aiki kuma da yake yi wa duniya bai sani ba. Gansakuka tana zuƙar iskar kabon, wadda yawanta a sama yake ɗumama duniya. Kalanus ya ci gansakukar, ya mayar da kabon ɗin mai, ya sauka da shi can ƙasa. Abin da ya ƙona a lokacin barci a can yake fitar da shi, wanda ya mutu kuma a can gawarsa take zama. Ruwan da ke wannan zurfi yana daɗewa ƙwarai kafin ya sake haɗuwa da iska. A shekarar 2015 wata masaniya mai suna Sigrún Jónasdóttir da abokan aikinta suka nuna cewa kabon da ƙaramin Kalanus kaɗai yake saukarwa ta wannan hanya a arewacin Atlantika ya yi kusan daidai da wanda yake nitsewa can ta hanyar matattun tsirrai da kashin halittu.

Idan ƙanƙara ta saɓa alkawari

Tun shekarar 1979 ake auna faɗin ƙanƙarar Aktik da tauraron ɗan Adam. Daga lokacin zuwa yanzu yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da matsakaicin duniya. A watan Satumba na 2012 ƙanƙarar ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, kusan rabin abin da aka saba gani a irin wannan wata shekaru talatin kafin nan.

Wani zai ce ai wannan alheri ne ga Kalanus, tun da ƙarancin ƙanƙara yana nufin ƙarin haske da ƙarin gansakuka. A wasu wuraren haka ne. Amma ku koma kan tazarar nan ta wata biyu. Girbin farko haske yake bi, ranar dawowar haske kuwa ba ta canzawa komai ɗumin duniya. Girbi na biyu narkewar ƙanƙara yake bi, ita kuma tana matsowa gaba. Idan tazarar ta tsuke, 'ya'yan za su iso gona bayan an gama girbi. Wanda bai cika jakarsa ba kuwa ba zai ga ƙarshen hunturu ba. Ɗumin ruwa ma wata matsala ce, domin yana sa jikin mai barci ya ƙona mai da sauri.

Bugu da ƙari, ruwan Atlantika mai ɗan ɗumi yana ƙara kutsawa arewa, yana tafe da ƙaramin Kalanus zuwa inda manyan suke da rinjaye a da. Shi ma abinci ne, amma man da ke jikinsa bai kai ko kusa da na manyan ba. Wannan ya shafi wani ɗan tsuntsun teku mai baƙi da fari da ake kira ƙaramin ok, wanda nauyinsa kimanin giram 150 ne, yana kuma sheƙa a tsakanin duwatsun Svalbard da Girinlan, miliyoyi a wuri guda. Ƙwai ɗaya tak macen take yi a shekara. Iyayen sukan nutse a ruwa su tsinci Kalanus, su cika wata jaka da ke maƙogwaronsu, su kai wa ɗansu. Inda ruwa ya ɗumama, masu bincike sun tarar tsuntsayen suna ƙara yawan nutso, wasu kuma suna tafiya mai nisa zuwa bakin ƙanƙara don neman manyan ƙwari. Zuwa yanzu da yawansu suna iya ciyar da 'ya'yansu ta wannan ƙarin wahala, amma bakin ƙanƙarar yana ƙara nisa da duwatsun da suke sheƙa.

Ma'anar wasu kalmomi

ƙurya: can ciki, wuri mafi nisa daga ƙofa ko daga tsakiya.
gansakuka: koren abu mai santsi da ke tsirowa a ruwa ko a wuri mai laima.
filafili: itace mai faɗin baki da ake tuƙa kwalekwale da shi.
saɓa: tuɓe tsohuwar fata ko ɓawo.
rumbu: ɗakin ajiyar hatsi da manomi yake ginawa.
tozo: tudun kitse da ke bayan raƙumi ko sa.
gaiwa: kifin fadama mai iya rayuwa a cikin busasshiyar laka.
anga: ƙarfe mai nauyi da ake jefawa a ruwa don tsai da jirgi.
salsala: asali, inda abu ya samo tushe.
tazara: ratar da ke tsakanin abu biyu, ta wuri ko ta lokaci.

Tambayoyi

1. Me ya sa gansakuka ba ta yaɗuwa a Tekun Aktik da hunturu?
2. Ta wace hanya man Kalanus ya bambanta da man gyaɗa?
3. Ku kawo riba biyu da ƙwaron yake samu daga sauka ƙasan teku.
4. Ku bayyana da kalmominku abin da yake hana shi tasowa sama alhali jikinsa cike yake da mai.
5. Mece ce ma'anar karin maganar "da ruwan ciki ake jan na rijiya"? Wace mace ce daga cikin irin nan uku ta fi dacewa da ita, kuma don me?
6. Ku bi sawun mai daga gansakuka har zuwa tukunyar miya a gidanku, kuna ambaton kowane mataki.

Nazarin harshe

A cikin bayanin an yi amfani da lokaci sabau sau da yawa, wato siffar da ke nuna abin da aka saba yi: yakan sauka, takan faɗi, sukan taso. Ku nemo jimloli biyar masu irin wannan siffa, ku mayar da su korau. Misali: Rana takan faɗi. Rana ba takan faɗi ba.

An kuma yi amfani da amsa-kama don ƙarfafa ma'ana, kamar fari fat da kore shar. Ku nemo wasu guda huɗu a cikin bayanin, ku sa kowanne a sabuwar jimla.

Aikin gida

Ku tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwarku yadda ake adana abinci a garinku daga girbi zuwa girbi, ko doya ce, ko rogo, ko masara, ko kifi. Ku rubuta abin da kuka ji da Hausa, cikin kalmomin da ba su gaza 150 ba.